Yadda ake faɗaɗa ramin burji da tsakuwa, a kuma mayar da wurin ya koma gona

Tun da damina ta ɗauke mutane ke ta kirana, wasu kuma mu haɗu a wajen lodi su tsayar dani, kuma tambayar kusan ɗaya ce: ramin da muke haƙa ya kusa ƙarewa, maƙwabci ya yarda zai bamu gonarsa, ta ina zamu fara? Wasu kuma dagaci ne yace ba za'a ƙara taɓa ko taku ɗaya ba sai an gyara tsohon ramin tukuna. Bayani a waya baya isa, shi yasa na zauna na jera shi yadda nake yi. Maganata akan ramin burji ce da tsakuwar da ake tonowa da eskabeta ko diga, fasa dutse da nakiya wani fanni ne daban mai nashi izinin.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, saboda duk matakan a kansa suka hau: ranar da katafila ta fara shiga gonar, ranar aikin gyaran ƙasa ya fara. Wanda ya bari sai ranar tashi, a lokacin aljihu ya bushe kuma ƙasar da zai rufe da ita ma babu.

1. Gwada ƙasar kafin ka biya kowa

Kar ka ɗauka tunda ramin yanzu yana bada burji mai kyau to gonar dake jikinsa ma haka take. Burji yakan yi kauri a nan, taku hamsin gaba ya sirance ya koma laka. Ka nemi izinin mai gona ka tona ramukan gwaji, ni nakan yi a ƙalla biyar a kowace hekta, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, in da hali da eskabeta saboda rana ɗaya ta isa. A kowane rami ka sa tef ka rubuta abu uku: kaurin baƙar ƙasar sama, kaurin jar ƙasa ko lakar dake rufe da burjin, sai kaurin burjin kansa har inda ya ƙare ko ka tarar da marmara mai tauri. Ka ɗebi buhu ɗaya daga kowane rami, in 'yan kwangilar titi kake hari ka kai ɗakin gwajin ƙasa na ma'aikatar ayyuka ko na jami'a, domin injiniyansu bazai karɓi kaya ba sai yaga sakamako.

Hattara a nan: ramin gwajin da aka tona a watan Maris ko Afrilu yana yaudara, lokacin ruwan ƙasa ya sauka can ƙasa. Ka je ka leƙa rijiyoyin dake kusa ka tambayi masu su inda ruwa yake kaiwa a watan Satumba, wannan layin shi zaka yi aiki dashi. Kuma ka cike ramukan gwajin a ranar, kar shanun wani su faɗa.

2. Lissafa tirif nawa ke ƙasa

Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100. In burjin ya kai kaurin mita biyu da rabi, kana da kubik mita 25,000 a takarda. Amma bazaka kwashe duka ba, akwai gefen da zaka bari, akwai gangare, akwai wanda ya cakuɗe da laka, don haka cire kashi ɗaya cikin huɗu, ya rage wajen 18,000. In tipar da kake lodawa tana cin kubik goma, tirif 1,800 kenan. In kana fitar da tirif talatin a rana, kwana sittin na aiki hektar ta tafi. Mutane da yawa basa yin wannan ɗan lissafin, sai su biya kuɗin haya na shekara uku akan filin da bazai wuce rani ɗaya ba, ko kuma su ɗauko ƙaramin fili su dawo neman ƙari a tsakiyar kwangila lokacin da mai gona ya gane suna cikin matsi.

In ƙasar da zaka kwashe a sama ta fi burjin kauri, gaskiya ka haƙura da wurin, gas ɗin da zaka ƙona kafin ka taɓa kayan sayarwa zai cinye ribar.

3. Zama da masu ƙasa

Ka fara da mai gonar, sannan mai unguwa da dagaci, in filin babba ne har gaban hakimi. In gonar gado ce ka tabbata duk magada sun sani, har mata, saboda rigimar da tafi tsayar da aiki itace ta ɗan uwan da yake birni ya dawo ya tarar an haƙa gonar mahaifinsa. A rubuta komai da Hausa a karanta a bainar shaidu: girman fili, tsawon lokaci, kuɗin haya, diyyar amfanin gona da itatuwa kamar ɗorawa da kaɗanya da mangwaro kowace da farashinta, hanyar da tipa zata bi, sannan abu mafi muhimmanci, a wane hali zaka mayar da filin. Gona? Makiyaya? Tafkin noman rani? A yanke tun yanzu domin yadda zaka haƙa ya dogara da amsar.

4. Takardu

Yardar mai gona bata zama lasisi ba. A Najeriya duk abinda ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta haɗa har da yashi, burji, tsakuwa da yumɓu. Lasisin haƙar kayan gini ana nemansa ne a ofishin rajistar filayen ma'adinai, wato MCO, hedikwatarsa na Abuja kuma yanzu ana shigar da buƙata ta intanet. Lasisin yana aiki shekara biyar ana sabuntawa, kuma filin baya wuce murabba'in kilomita biyar. Zasu nemi rajistar kamfani ta CAC, takardar amincewar masu ƙasa, lambobin kusurwoyin fili daga safiyo, shaidar kana da ƙarfin kuɗin aikin da kuma ƙwararren da zai kula dashi mai rajista da COMEG, wato hukumar rajistar injiniyoyin ma'adinai da masana ilimin ƙasa.

Wajen faɗaɗawa abinda zaka fara dubawa shine ko sabon filin yana cikin iyakar lasisinka na yanzu. In yana ciki, ka sanar da jami'in ma'adinai na tarayya dake jiharka ka sabunta tsarin aikin. In ya fita ko da kaɗan ne, sabuwar buƙata ce, kuma ka fara bincika ko wani bai riga ya riƙe wurin a taswira ba, domin wanda ya fara shigar da takarda shi ake ba. Bayan haka akwai rahoton tasirin aikin ga muhalli, da tsarin kare muhalli da gyaran ƙasa da zaka miƙa, da yarjejeniyar ci gaban al'umma wadda doka tace a sa hannu kafin a fara aiki kuma a sake dubata duk shekara biyar. An ƙara kuɗaɗen lasisi a 2024, don haka kar kayi kasafi da farashin da wani ya biya shekarun baya, ka karɓi jadawalin yanzu daga ofishin.

Hattara: doka ta hana haƙa a maƙabarta, kasuwa, cikin gari, da duk inda bai kai mita 50 daga layin dogo ko bututun mai ba. Kuma duk kuɗin gwamnati ka biya ta banki ka riƙe rasit, kar ka damƙa a hannun wanda yace zai taya ka.

5. Kafa fegi ka raba filin

Safiyo ya kafa siminti a kusurwoyi. Daga iyakar ka ja da baya ka bar gefe da ba za'a taɓa ba, ni bana barin ƙasa da mita goma daga gonar maƙwabci, in kusa da titi ne ko turakun wutar lantarki ko gidaje sai na ninka fiye da haka. Sauran filin ka raba shi yanki-yanki, misali faɗin mita 25 zuwa 30 kowane, ka sa musu lamba. Tsarin shine a kowane lokaci yanki ɗaya ana share shi, ɗaya ana haƙa, ɗaya ana rufewa. Kar ka yarda direban katafila ya share maka filin gaba ɗaya a rana biyu don wai kuɗin haya ya yi sauƙi, ruwan farko zai wanke ƙasar ya kai ta gonakin mutane.

6. Kwashe ƙasar sama ka ajiye

Nan ne zan daɗe, saboda nan ake cin nasara ko a faɗi. Baƙar ƙasar nan ta sama a yawancin gonakinmu bata wuce santimita 15 zuwa 25 ba, ita ke ɗauke da taki da irin ciyawa da duk abinda ke sa hatsi ya tsiro, kuma shekaru masu yawa ta ɗauka kafin ta taru. A hekta ɗaya in kaurinta santimita 20 ne, kubik mita 2,000 ce, tipa ɗari biyu. Ka tsaya da kanka ranar da ake kwasarta, ka nuna ma direba inda launin ƙasa ya canza, ya tsaya nan. Ya tura ta gefe ya jera ta doguwa a bakin iyaka kamar ganuwa, tsayinta kar ya wuce mita biyu, in ta fi haka ta cikin takan shaƙe ta mutu. Wannan ganuwar tana da wani amfanin, tana tare ƙura da ƙara daga gari kuma tana hana ruwan waje gangarowa rami. In zata wuce damina ɗaya a ajiye ka watsa mata wake ko ciyawa don saiwa ta riƙe ta.

Jar ƙasa da lakar dake ƙarƙashinta tarinsu daban, nesa da baƙar, kar a haɗa su ko kaɗan. Kuma kar a kwashe ƙasa tana jiƙe, takan dunƙule ta zama kamar bulo.

A ramina na farko na yi kuskuren da har yanzu yake damuna. Masu cikon fulotai suka zo suna neman ƙasa, naga tarin yana zaune ba amfani, na sayar da fiye da rabinsa. Da lokacin mayar da gonar yayi babu abin rufewa, sai da na sayi ƙasa daga nesa da taki na biya tipa, kuɗin ya ninka abinda na samu, kuma duk da haka dattijon mai gonar ya yi shekara biyu gero baya yi masa yadda ya saba. Kunyar haɗuwa dashi a masallacin Juma'a ta fi asarar kuɗin ciwo. Tun daga lokacin tarin ƙasar sama a wajena amana ce, na gaya ma mai gadi da mai rubuta tirif cewa ko ni na ce a loda su tuna min.

7. Hanya da ruwa

Hanyar shiga rami kar gangarenta ya fi mita ɗaya a cikin goma, tipa mai kaya in ta fi haka wahala take sha kuma birki na iya ƙwacewa. Ka zuba mata burjinka, inda ta tsallaka magudanar ruwa ka sa kwalbati, kar ka toshe hanyar ruwan mutane. A saman rami ka ja lambatu ya zagaye da ruwan sama, a ƙasan rami kuma ka karkata daɓen kaɗan zuwa kusurwa ɗaya ka tona ɗan rami a can inda ruwa zai taru laka ta kwanta kafin ka ja shi da injin ban ruwa. Ruwan da ya kwanta shi zaka riƙa yayyafa ma hanya.

Ƙura ce abu na farko da ke haɗa mai rami da gari faɗa, musamman lokacin hunturu. Tankar ruwa safe da la'asar a inda hanya ta ratsa gidaje, tamfol akan kowace tipa, kuma ka kafa ma direbobi doka akan gudu da lokacin tashin 'yan makaranta.

8. Haƙa

Ka fara daga ɓangaren da ya fi nisa da ƙofa kana dawowa, saboda kar tipa ta riƙa taka inda ka riga ka gyara. In zurfin ya wuce mita uku kayi shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa kar ya fi inda hannun eskabeta ke kaiwa. Kar a ajiye mota ko tarin kaya a bakin gaɓa. Ka tsaya a ƙalla mita ɗaya sama da layin ruwan Satumba da ka auna tun farko, sai dai in tafki aka yi yarjejeniya.

Hattara, kuma wannan maganar rai ce: kar ka bar kowa ya riƙa ƙwaƙular gindin bango yana shiga ƙarƙashi don burjin wajen ya fi laushi. Yawancin ruftawar da ake ji ta kashe masu haƙa haka take faruwa, ƙasa bata bada sanarwa. Masu diga da shebur bangonsu kar ya wuce tsayin mutum. Duk safiya, musamman bayan ruwa, wani ya zagaya sama ya duba tsagewa, in an gani a janye kowa a sa eskabeta ta rushe wajen daga sama. Yara masu tallan abinci da masu tsintar tsakuwa su tsaya a bakin ƙofa. Hular kwano, takalmi mai tauri da takunkumin hanci ga duk wanda ke kusa da rariya.

9. Tacewa, lodi da kuɗi

Burjin ciko da na titi ana lodawa kai tsaye. In tsakuwar gini kake so sai an tace, ƙaramin aiki ragar ƙarfe da aka jingina a karkace ta isa, babba kuma rariya mai girgiza da janareta. Ka ware girma-girma, rabin inci daban, tirikwata, wato kashi uku cikin huɗu na inci, daban, garin dutse daban, tsakanin tari da tari ka bar fili. Manyan duwatsu da ragowar da ba'a saya kar ka zubar da su ko'ina, kayan cikon ka ne.

Wajen kuɗi ni da lita nake lissafi saboda farashin gas baya zama wuri ɗaya. Eskabeta mai tan ashirin tana shan wajen lita 15 zuwa 20 a awa, a yinin awa takwas ka sa lita 120 zuwa 160. Ka haɗa da hayarta ta yini, kuɗin lobed, wato tirelar ɗaukar inji, da zai kawo ta ya mayar, alawus ɗin direba, mai gadi, mai rubuta tirif, ruwan hanya, kason gwamnatin tarayya akan abinda ka fitar, harajin jiha da ƙaramar hukuma, kason gari in kun yi haka. Ka raba jimillar da tirif ɗin da ka fitar a ranar, abinda ya fito shine ainihin kuɗin tirif ɗaya, ba abinda kake tsammani ba. Ranar da injin ya zauna babu tipa ma ka biya haya, don haka kar ka kira shi sai ka tara masu saye.

Sannan daga kowane tirif ka cire wani abu ka sa a asusu daban na gyaran ƙasa. Yadda zaka san nawa ne: ka tambayi kuɗin hayar buldoza na kwana huɗu ko biyar da gas ɗinta, da taki da dashe da shinge na hekta ɗaya, ka raba da tirif 1,800 ɗin nan. Zaka ga ɗan kaɗan ne akan kowace tipa, amma in ka bari ya taru maka a ƙarshe dutse ne. Tikiti mai lamba ga kowace mota, kwafi ɗaya wajen direba ɗaya wajenka, in ba haka ba tirif na dare zai cinye ka.

10. Rufe baya

Da zarar yanki na ɗaya ya ƙare an koma na biyu, a fara rufe shi, kar a jira. Jerin yana da muhimmanci. Farko a kwashe duk wani ƙarfe, taya, jarka da ƙasar da baƙin mai ya zuba a kai. Na biyu manyan duwatsu da ragowar rariya a ƙasa. Na uku a kwantar da bango, buldoza ta tura gaɓar har ta zama duk zurfin mita ɗaya yana da shimfiɗar mita uku, wato ramin mita uku gangarensa mita tara ne, wanda saniya zata sauka ta hau, yaro ma in ya shiga zai fito da ƙafarsa. Na huɗu, kuma shi aka fi mantawa, a farfasa daɓen da haƙoran bayan buldoza zurfin kamar rabin mita, domin tayar tipa ta daddanne shi ya zama kamar siminti, in ka zuba ƙasa a kai haka ruwa bazai shiga ba saiwa ma bazata ratsa ba. Na biyar jar ƙasa. Na ƙarshe baƙar ƙasa, a baza ta daidai ba tare da an yi ta hawa kanta da inji ba.

Kar ka yarda a mayar maka da rami bola don wai ya cika da sauri. Sharar gari da leda da batir suna gangarawa ruwan rijiyoyi, kuma ƙasar zata yi ta lotsawa shekara da shekaru.

Ka daidaita aikin ya ƙare a watan Mayu ko farkon Yuni, dab da saukar ruwa, don kar iska ta kwashe ƙasar tana tsirara.

11. Shuka

A gangare ka dasa jema layi-layi a kwance, tana riƙe ƙasa fiye da duk ciyawar da na gwada, gamba ma tana yi kuma masu zana zasu so ta. A daɓe ka zuba takin gargajiya sosai, shekarar farko wake ko gyaɗa, hatsi sai shekara ta biyu. Inda ƙasar sama bata isa ba, dabarar mutanen Tawa a Nijar tana aiki ƙwarai akan irin wannan fako: tassa, wato ƙananan ramuka da ake sa taki cikin tafin hannu a shuka a ciki, da kuma rabin wata da ake tonawa bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, wajen 300 a hekta.

Itatuwa a dasa a Yuli in damina ta kankama. Bagaruwa, dakwara da darbejiya suna jure wuri mai tauri, gawo kuma in gona za'a ci gaba da yi saboda baya hana hatsi. In fili na itace ne zalla, tazarar mita biyar-biyar itace 400 kenan a hekta. Itacen turare kar ka sa shi kusa da rijiya ko cikin gona, yana shan ruwa sosai. Dashe ba tare da kariya ba abincin awaki ne, ko shingen ƙaya ko kwando ga kowane, da mutum ɗaya da zaka biya yayi ban ruwa ranin farko. Wanda ya mutu a maye gurbinsa damina mai zuwa.

12. In tafki za'a bari

Wani lokacin gari da kansu zasu ce a bar musu ruwa don shanu da lambu, kuma yana da amfani in anyi shi da tsari. Amma duk wanda ya tashi a Kano ya san kududdufi, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini aka bari, kuma ya san duk damina sai anji yaro ya nutse a irinsu. Don haka gefen tafki ya fi na gona kwanciya, har cikin ruwan, babu gaɓa mai zurfi farat ɗaya. Mashaya ɗaya da aka shimfiɗa ma dutse, sauran a kewaye da ƙaya ko waya, a buɗe mafitar ruwa ta dutse don ranar da ya cika ya san inda zai bi. A zuba kifi saboda sauro, a kuma ja kunnen iyaye akan wanka saboda tsargiya. Sannan a rubuta sunan wanda zai kula da wurin bayan tafiyarka, kwamiti ne ko mai gonar.

13. Miƙa fili

Kar ka miƙa sai wurin ya ga damina ɗaya cikakkiya, saboda a nan zaka ga inda ya lotsa da inda ruwa ya fara cin zaizaya, ka cike ka toshe da dutse tun yana ƙarami. Bayan nan ka kira jami'an ma'adinai da na muhalli su duba su rubuta rahoto, ka kira mai gona da dagaci da shaidun da suka zauna ranar farko, a ɗauko takardar da aka sa ma hannu a karanta sashen yadda za'a mayar da filin, a zagaya da ƙafa kusurwa zuwa kusurwa. Ka ɗauki hotuna, kowa ya sa hannu a takardar karɓa, kwafi ɗaya wajen dagaci, ɗaya wajen mai gona, ɗaya kuma ka haɗa da takardun da zaka kai in ka tashi sabunta lasisi.